Zomon Iya

Shekaranjiya 'yar maƙwabtanmu, wadda ke karatu a jami'a, ta shigo mini tsakar gida rungume da kwandon roba mai murfi, idonta jawur kamar an yi mata mutuwa. Na ce lafiya? Ta buɗe kwandon, sai ga zomo fari an shimfiɗa masa tawul. Wai ya tsufa, ya daina ci, sai rama yake yi, za ta hau zemijan, babur ɗin hayan nan, ta kai shi wurin likitan dabbobi a unguwar Tokoin, ta biyo ne in ara mata lema kada rana ta dake shi a hanya. Lema fa! Saboda zomo! Har na buɗe baki zan yi mata tsiya, sai hannuna ya sauka a gadon bayansa, na ji ƙasusuwan a jere ƙarƙashin gashi kamar 'ya'yan carbi. Na fasa tsiyar. Na ɗauko lemar na ba ta, na ce Allah ya ba shi lafiya, ta fita tana yi masa magana da Faransanci.

Ni a tsohon Zongo na tashi, unguwar Hausawa ta tsakiyar gari, ba wannan da aka kwaso mu aka zube a bayan gari ba. Can in asuba ta yi kana kwance kana jin teku yana dukan gaɓa, sai ladan ya hau katanga ya kira salla da muryarsa tsirara babu lasifika, sai jirgin ƙasa ya yi kuka, sai taɓare su fara amsa wa juna gida-gida. Matan ƙabilar Mina na unguwar Amoutivé su shigo lungunanmu da daro a ka suna tallan kifi da yarensu, iyayenmu mata suna tayawa da Hausa, a yi ta nuni da hannu har a daidaita. Ƙasar yashi ce, in ka yi shara da safe kafin hantsi sawun kaji da na yara sun cika ta. Yanzu kuwa da ƙarar babura nake tashi, da janareton mai shagon walda, da waƙar da ke fita daga wayar kowane yaro. Tekun ma sai an hau mota kafin a gan shi, jikokina wasu sun fi sanin hotonsa.

Gidanmu gidan mahauta ne, kaka da kakanni. Baba kafin gari ya waye ya tafi kwata, ya dawo da azahar rigarsa ta sandare da jini, wuƙaƙensa naɗe cikin buhu. Mutum ne mai ciyarwa, wannan ba zan hana shi ba, kullum sai ya kawo wa mahaifiyarsa hanta a ganye. Amma bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi, kuma bai taɓa kallon dabba ya ga wani abu ban da nama ba. In ya wuce tunkiyar maƙwabci sai ya kama ƙugunta ya matsa, ya faɗi abin da za ta yi in an feɗe, ba a tambaye shi ba. Doka ɗaya ce a gidan da ko jariri ya sani: abu mai rai ba ya mutuwa da kansa a gidan mahauta. Kaza in ta fara gyangyaɗi a yanka, akuya in ta kwanta ta ƙi tashi a yanka. Abin da ya mutu ba a ambaci sunan Allah a kansa ba mushe ne, ba a ci, ba a taɓa shi da hannu, bola ake kai shi. In aka ji mushe ya fita daga gidan mahauci, sai an yi wata ana yi masa dariya a kwata.

Mahaifiyar Baba, wadda duk gidan muke kira Iya, ita ma 'yar mahauta ce, a cikin wannan doka ta girma. Lokacin da na yi wayo idonta ya riga ya rufe. Tana zaune a ƙofar ɗakinta a kan tabarma, ƙafa miƙe, zomo a cinya. Wata ƙawarta 'yar Mina mai lambun kabeji a bakin teku ce ta kawo mata shi yana ɗan ƙarami, wai a yi miya in ya girma. Ya girma, Iya ta ce a dakata. Ya yi ƙiba har yana da haɓa biyu, ta ce a dakata. Shekara ta bi shekara, miya ba ta yiwu ba, sai ga shi yana da suna. Dattijo take ce masa, saboda ba ya tsalle-tsalle, kuma in ana gulma sai ya miƙe kunne ɗaya ya yi shiru. Ruwan ƙasa ne shi, da fari a ƙirji. Da shi take hira in an watse an bar ta, kuma an fi barin ta fiye da zama da ita, don gidan kowa da abin da ke gabansa. Hannunta na dama kullum yana tafiya a bayansa, daga kunne zuwa wutsiya, har wurin ya yi santsi.

Ni ce mai ciyawarsa. Kafin in tafi makarantar allo sai na ɗauki tsohon lauje na gangara bakin tabkin da ya raba gari, na yanko ɗanyar ciyawa da ganyen dankali, ƙafafuna duk taɓo. In na kawo sai Iya ta shinshina, ta ce, "Ke mai ƙafar tsinke, wannan ta kusa da kwatami ce, so kike ki kashe mini miji?" Ni kuma in ce, "To ki tashi ki yanko da kanki mana, tsohuwa." Ta kai mini duka ta sami iska, mu yi ta dariya. Yaran yanzu a leda suke sayen abincin zomo, 'yan ƙwayoyi kamar maganin asibiti. Ni sai da na san ganyen da ke sa shi zawo, da wanda in ya gani yake tsayawa da ƙafa biyu.

Iya ce ta fara ganewa, da yake hannunta ne idonta. Wata safiya ta ce in zo in taɓa nan. Na taɓa, na ji ƙashi inda da tsoka ce. Daga nan abin ya yi ta gaba. Ya zo wurin ciyawa da ɗoki, ya ɗauki ganye, ya juya shi a baki, ya sake shi. Haɓarsa kullum a jiƙe da miyau. Kashinsa da ke fita ƙulu-ƙulu ya koma ƙanana kamar gero, wata rana ma babu. Ya daina iya wanke kansa, gindinsa ya dunƙule, sai na ɗumama ruwa na goge shi da tsumma, na shanya shi a cinyata, na shafa masa man kaɗanya a tafin ƙafa inda gashi ya zube. Muka koma yi masa jinya irin ta tsofaffi, don ita kaɗai muka sani. Na goga karas a jikin gwangwanin da aka huda da ƙusa, na jiƙa dusa da ruwan ɗumi, Iya ta rage kokonta kafin a sa sukari, in dangwala da yatsa in sa masa a gefen baki. Ran da ya lashe cokali guda sai mu yi murna kamar an yi haihuwa. Ran da ya kau da kai, Iya ma ba ta cin tuwon kirki.

Ba a ɓoye wa mahauci rama. Wata azahar Baba ya ajiye hanta a gaban Iya, ya sunkuya ya kama ƙugun Dattijo kamar yadda yake yi wa raguna, ya ɗaga shi da fatar wuya ya jinjina.

"Iya, naman nan tafiya yake yi. Da kin bari tun bara da an sha romo. Yanzu ko kyanwa ba za ta gode ba."

"Ajiye mini shi, kana ji masa ciwo."

"Gobe in na dawo zan shafa masa wuƙa."

"Ba gobe ba."

"To yaushe? Sai ya mutu miki a cinya an kwashe mu da dariya?"

Iya ta laluba ta karɓe shi, ta rufe da gefen zaninta. Ta ce, "Ni na haife ka, ni na koya maka abin da ake kira mushe. Ba zai mutu mushe ba. In ranar ta zo hannuna zai gaya mini, ni da kaina zan aika a kira ka. Kafin nan kada ka taɓa shi."

Baba ya yi dariya ya ce, "Tsofaffi biyu a tabarma ɗaya, ana ta ɗura musu abinci ba sa ƙiba." Ya wuce abinsa.

Tun daga ranar ya sami abin wasa. Dutsen wasa wuƙarsa da ke zaure ya ɗauko shi ya dawo da shi tsakar gida, daidai ƙofar Iya. In ya ci abinci ya zauna yana wasa wuƙa, ƙyas, ƙyas, ƙyas, yana cewa, "Dattijo, ka shirya? Yau ne ko gobe?" Matan gidan su yi dariya, don in maigida ya yi raha dole a yi dariya. Ƙannena suka mai da abin waƙa, suna bin bayana suna tafi, suna cewa romo, romo. Na tsani ƙarar dutsen nan, har yau in mai wasa wuƙa ya wuce ƙofar gida sai tsigar jikina ta tashi. Iya kuwa sai hannunta ya tsaya cak a bayan zomon har sai ƙarar ta ɗauke.

Ni a raina ba na son ranar ta zo sam. Na taɓa ce mata, "Iya, mu bar shi mana ya mutu da kansa, in binne shi a bayan ɗaki." Ta kama kunnena ta murɗa har na yi ƙara. Ta ce, "Kin taɓa ganin abin da karnuka ke yi wa mushe a bola? Shekara nawa yana ɗebe mini kewa, sakayyarsa ke nan? Zai tafi da sunan Allah a wuyansa, a dafa shi, in ci, ya zama jikina. Ba na dai son in yi gaggawar kwana ɗaya ne." Haka ta zauna tsakanin abu biyu, kada ta ba da shi da wuri, kada kuma ta makara. Kowace safiya kafin ta yi wa kowa magana sai ta sa yatsu a ƙirjinsa ta saurara, sannan ta ce, "Yau ma namu ne."

Ranar ta zo ran Juma'a, kuma a mafi munin lokaci. Wanda bai ga tsohon Zongo ran Juma'a ba ba zai gane ba. Yanzu masallatai sun yi yawa, wannan ya sauko wancan bai hau ba, kuma ko ana salla za ka ga samari zaune a kan babura suna danna waya. A da masallaci ɗaya ne, kuma in rana ta take babu namiji ko ɗaya da ke saura a unguwa, har yaran da suka fara sa wando an tafi da su. Baba ya yi wanka, ya sa farar babbar riga, ya fita. Bai daɗe ba ina tankaɗe a madafa na ji Iya ta kira ni da wata murya da ban san ta da ita ba.

Dattijo yana kwance a gefe ɗaya a cinyarta, kansa ya lanƙwashe baya, bakinsa a buɗe, cikinsa yana ɗagawa da ƙyar.

"Ruga ki kira ubanki. In ba ki same shi ba, duk namijin da kika gani mai salla, kawo shi. Ruga!"

Na ruga, wallahi na ruga, duk da ban so ba, don muryarta ta tsorata ni. Lungu bayan lungu babu kowa sai awaki da mata. Shagon tela a rufe, teburin mai shayi an kife. Kafinta ɗan Mina da ke bakin hanya ya gan ni ina haki ya tambaya, na gaya masa, ya ce in kawo ya yanka mana. Na san Iya ba za ta karɓa ba, na wuce. Na isa masallaci sahu ya cika ya fito har titi, liman yana huɗuba, tsit kake ji. Ga Baba can, na gane ƙeyarsa da hularsa, tsakanina da shi sahu kaɗan ne. Amma yarinya ba ta ratsa sahun maza, kuma ba a magana liman yana kan mumbari. Na tsaya wurin takalma ina ɗaga hannu ina hawaye. Wani dattijo a sahun ƙarshe ya juyo ya harare ni, ya yi mini nuni da carbinsa in ɓace. Na jira, huɗubar ta ƙi ƙarewa. Na juya gida da gudu in gaya mata.

Tun daga zaure na ji gidan shiru. Innata da sauran matan suna tsaye a bakin madafa, hannu a ka, babu wadda ta matso. Iya ta juya ta fuskanci gabas. Zaninta sharkaf da jini, a hannunta ga 'yar wuƙar da muke yanka kuɓewa, wadda ko albasa sai an yi ta gurzawa. Babban yatsanta na hagu yana zubar da jini shi ma, don da shi ta lalubi maƙogwaron, wuƙar ta haɗa da shi. Ashe da ta ji numfashin yana yankewa ta roƙi matan ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta ce, "Iya, mace ba ta yanka." Sai ta ce a miƙo mata wuƙa, aka ƙi, ta rarrafa madafa da zomon a ƙirji ta lalubo da kanta.

Da ta ji motsina ta ce, "Zo ki duba mini. Jini ya fita sosai?"

Na ce ya fita.

"Ya shura. Na ji shi ya shura a cinyata bayan na yanka, da ransa na same shi. Na yi bisimilla. Wuƙar ce ba ta ci, na yi ta ja, na yi ta ja." Ta shafa bayan zomon. "Amma na same shi da ransa."

Na yagi tsumma na ɗaure mata yatsan, muka zauna muna jira, gawar a tsakaninmu.

Baba ya shigo yana ƙamshin turare, abokansa biyu na kwata a bayansa, sun biyo shi cin tuwon Juma'a. Ya tsaya ya dubi jinin, ya dubi wuƙar kuɓewa, ya dubi uwarsa.

"Wa ya yanka?"

"Ni ce. Na aika ba a same ka ba."

Sai ya fashe da dariya. Ya juya wurin abokansa ya ce, "Kun ji? Yankan mace, makauniya, da wuƙar miya, a gidana." Ɗayan ya sunkuyar da kai, ɗayan ya taya Baba dariya. Baba ya sa bakin takalminsa ya juya Dattijo a kan yashi, ya duba wuyan. "Dubi yadda aka yayyaga shi. Iya, wahalar banza kika ba shi. Wannan mushe ne."

"Na ambaci sunan Allah."

"Ko sau ɗari kika ambata. Tun da nake ban taɓa jin an ci yankan mace ba, ke ma kin sani."

"To a dafa mini ni kaɗai, a 'yar tukunyata. Ba sai kowa ya ci ba."

"Ba a murhun gidan nan ba."

"To bari yarinyar nan ta binne shi a bayan ɗakina."

"Mutum ne shi? Ke, ɗauki abin nan ki kai bola, kuma ki wanke hannu da toka kafin ki taɓa mini kwano. A kawo mana tuwo."

Ban taɓa jin Iya ta roƙi ɗanta wani abu ba sai ran nan, kuma a gaban baƙi ya hana ta. Na tsane shi a lokacin, tsana ta gaske, ubana ne amma na tsane shi. Na ɗauki Dattijo, ban riƙe shi ta ƙafa ba kamar yadda ake riƙe mushe, a ƙirji na rungume shi har rigata ta ɓaci. Bai kai nauyin damin ciyawar da nake kawo masa ba. A bola na tona yashi da hannu na tura shi, na rufe, na ɗora fasasshiyar tukunya. Ban kai bakin lungu ba na waiwaya na ga karnuka biyu sun ture tukunyar. Na jefe su da dutse, suka matsa kaɗan suka tsaya suna jira in gaji, kuma na gaji.

Da na dawo an share jinin, maza suna cin tuwo a zaure ana hira. Iya ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban faɗa ba. Ta daina fitowa ƙofar ɗaki. Hantar da Baba ke kawowa sai ta tura mini ta ce in ci. In na shiga na same ta zaune a duhu, hannunta na dama yana tafiya a kan cinyarta babu komai a wurin. Ba ta ƙara kirana mai ƙafar tsinke ba. Abu ɗaya take maimaita mini, a hankali don kada a ji: "Da na bar shi ya ƙarasa da kansa, ko? Da bai sha wuƙar nan ba. Abu na ƙarshe da ya sani daga hannuna ke nan." Ni yarinya ce, sai dai in ce ta sha koko. Da wannan tambayar a bakinta ta rasu.

Azumin bara ina tsince shinkafa, rediyo a gefena ana amsa tambayoyin masu sauraro. Wata mata ta bugo ta ce mijinta direba ne ba ya zama, in kazarta za ta mutu ko ya halatta ta yanka da kanta? Malamin, yaro ne daga jin muryarsa, har da 'yar dariyarsa, ya ce halal ne mana Hajiya, mace ta yanka kaza ta yanka rago, muddin ta ambaci sunan Allah kuma ta same shi da rai, hanin nan al'ada ce kawai. Bai ɓata ko minti ɗaya a kai ba, ya wuce tambaya ta gaba. Na zauna da tiren shinkafa a cinya ina duba wanda zan gaya wa. Baba ya rasu, Innata ta rasu, matan madafar da baƙin nan biyu duk sun tafi, gidan ma an rushe shi. Yankan Iya ya yi, kuma ni kaɗai na ji.